Inda Aka Kai Dauda

Tasalla ta sake zagaya filin, tana riƙe da bakin tob ɗinta, dogon mayafin da ta naɗa, don kada ya ja ƙasa. Bishiyar maina tana nan, katangar makarantar ma tana nan da ramukan harsashi a jikinta. Kabarin ne babu. An baje wurin sumul, har yara sun kafa duwatsu suna buga ƙwallo.

A nan suka binne ƙaninta Dauda lokacin yaƙi, ita da maƙwabta uku, don ba hanyar zuwa maƙabarta. Bayan nan kowa ya gudu. Ta kai mahaifiyarsu garin Kasala, sai yanzu ta dawo unguwarsu Alsahafa ita kaɗai ta ga abin da ya rage na gida. Tun da ta sauka tsohuwar take kira, tambayarta ɗaya: "Kin je kin gaishe shi?"

Wani mai facin taya ya ce mata ma'aikatan ƙaramar hukuma ne suka kwashe kaburburan kan titi. Ina suka kai su? Ya buɗe tafin hannunsa.

A ofishin ta tarar da mutane cike da baranda. Ita ba mai kutsawa ba ce, sai ta raɓe jikin bango har rana ta take. Da ta isa gaban tebur, muryarta ta ƙi fita da ƙarfi.

"Ustaz, ƙanina nake nema. An ɗauke shi daga filin makaranta."

Mutumin ya cire tabarau ya murza idonsa. Ba mugu ba ne, gajiya ce kawai a fuskarsa.

"Allah ya jiƙansa. Amma 'yar'uwa, ba a ɓoye aka yi ba. Mota ta zagaya da lasifika, an ce duk mai mamaci ya zo ya tsaya a kan nasa."

"Unguwar ba kowa a lokacin, Ustaz. Sai kyanwoyi."

"To, mu dai mun sanar."

"Ina aka kai shi?"

"Wannan sai kwamiti."

"Ina kwamitin?"

"Ba ya zama a nan. Kuma ba a ba mu izinin faɗin abin da bai fito daga bakinsa ba. Malesh, ki yi haƙuri." Ya leƙa bayanta. "Na gaba!"

Ta fito ta zauna a kan wata 'yar kujera a gindin katanga, ba ta ma lura ta mai shayi ba ce. Matar, wadda direbobin raksha mai ƙafa uku ke kira Sittana, ta dube ta sama da ƙasa.

"Sun ce miki kwamiti, ko? Wallahi wannan kwamitin ya fi aljani wuyar gani. Karɓi, ki sha, kin yi fari fat."

Tasalla ta gaya mata komai, kanta a sunkuye. Sittana ta ci gaba da fifita gawayi.

"Ni ban san sirrinsu ba, 'yata. Na dai ji direbobin motocin da suka kwashe mamatan suna ƙorafin nisa, wai can kudu, bayan tashar ƙarshe. Ki gwada."

Ta shiga hafla, motar haya, har inda hanya ta ƙare, ta ƙarasa da ƙafa. A bakin maƙabartar ta cika jarka ɗaya da ruwa, kamar yadda ake yi in an zo ziyara. Mai gadi ya nuna mata wani gefe da sandarsa.

"Na Alsahafa ga su can. Waɗanda danginsu suka zo, an sa musu suna. Sauran sai Allah."

Layi ne mai tsawo na sababbin kaburbura marasa suna, duk tudu iri ɗaya, ƙasa iri ɗaya. Ta tsaya tana jiran zuciyarta ta buga a kan wani. Ba ta buga ba. Iska kawai ke kaɗa wata leda da ta maƙale a ƙaya.

Wayarta ta yi ƙara.

"Tasalla, kin je?"

"Ina wurin yanzu, Inna."

"Alhamdu lillahi. Ki yayyafa masa ruwa sosai, kin san shi da jin zafi."

"To, Inna."

Ta buɗe jarkar ta fara daga na farko. Tafi ɗaya ga kowa, tana karanta Fatiha a hankali, tana kiran sunansa a kan kowane tudu. Tun tana cika tafin har ta koma rabi, ta koma jiƙa yatsu tana yarfawa.

Ruwan ya ƙare ba ta kai tsakiyar layin ba. Ta juya ta dubi waɗanda suka jiƙe, ta dubi busassun da ke gabanta. Sannan ta ɗauki jarkar, ta nufi famfon bakin ƙofa.