Kiran Shanun Njidda

A damanar 1994 matata ta haifi namiji, na ce sunan kakana Njidda zai ci. Mahaifina, Malam Manga, ya ce muddin yana numfashi ba za a raɗa wannan suna a gidansa na Mayo Gwoi ba.

Abin da aka sani kaɗan ne. Njidda mai allurar shanu ne a zamanin Turawa. Wata shekara ya yi wa garken danginmu allurar rigakafin ciwon bushiya, rabi suka mutu. Kunya ta kore shi daga Jalingo, ya bar Baba yana ɗan shekara shida. Ni kuwa na gaji taurin kai, kuma kwana shida ya rage a yi suna. Na tambayi tsofaffi labarin Njidda har bakina ya bushe, kowa sai ya ɗaga kafaɗa. Daga ƙarshe wani mahauci ya ce in nufi Lau, akwai rugar da ake ambatonsa.

Na ɗauki rakodata na hau mota. Na isa da la'asar, ruwa ya ɗauke, hazo na tashi daga kogin Binuwai. Fararen shanu suna tafe cikinsa kamar ba sa taka ƙasa. Har na fara shakkar ko a farke nake.

Wata tsohuwa mai suna Fanta ta ba ni kindirmo, ta ƙare mini kallo.

"Ɓingel am, ɗana, kai jikan Njidda ne. Goshinka ya faɗa."

Ta ce ya zo musu a hargitse, da karsana guda. Ciwo na cin shanu, amma kowa na tsoron allura. Sai ya fara soka wa tasa a gaban jama'a, ya kwana bakwai a gindinta. Da ta miƙe, suka kawo nasu. A nan ya zauna har ya rasu.

"Inna, bai taɓa zancen gida ba?"

"Mutum mai pulaaku, kunyarmu ta Fulani, ba ya faɗin sunan ɗansa na fari. Amma saniya kam, babu kunya, sai ya raɗa wa karsanarsa sunan. Tsaya ka ji."

Ta juya wajen hazon ta ɗaga murya, tana jan kiran kamar waƙa: "Mangaaa! Manga, war!" Wato Manga, zo. Sai ga shanu wajen ashirin sun ware daga garke suna nufo mu, duk zuriyar karsanar nan. Na roƙe ta ta maimaita, na danna rakoda.

Ana gobe suna na sami Baba kan buzunsa bayan sallar la'asar. Ban yi masa dogon bayani ba, don na san hali. Na kunna kaset ɗin kawai. Muryar tsohuwar ta cika zauren, da kukan shanu can nesa.

Carbi ya tsaya a hannunsa.

"Wa ya koya mata wannan jan murya?"

"Mahaifinka, Baba. Kullum da yamma haka yake kiran shanunsa, shekara talatin."

Tausayinsa ya kama ni har na kasa duban fuskarsa.

"Haka yake kirana in na yi nisa a wasa," ya ce. "Mayar da shi baya."

Na mayar. Da kiran ya sake fitowa, tsoho ɗan shekara sittin da biyar ya gyara zama, ya ce a hankali, "Na'am, Baaba."