Kwakwar Minista

Mukta tana jan numfashi kamar ana goge tukunya da yashi. Na'urar da za ta yi mata aiki kuwa tana can ƙuryar ɗakin tiyata, lulluɓe da leda, hannuwanta na ƙarfe a naɗe.

"Ranka ya daɗe, tsiron maƙogwaron nan girma yake yi," in ji Sulbha, uwar yarinyar. "Jiya ko ruwa sai da ya sarƙe ta. Ku cire shi da hannu mana, yadda kuka saba."

Likita Gaikwad bai ɗago daga wayarsa ba. "Maman Mukta, ba ki san sa'ar da kika taka ba. 'Yarki ce ta farko da na'urar nan za ta yi wa aiki. Ba yanka, ba tabo. Har a jarida za ta fito."

"To a kunna ta."

"Minista bai fasa mata kwakwa ba. Wa ke fara aiki da sabon abu ba a fasa kwakwa ba?"

Sulbha ta san al'adar, ko keken ɗinkinta sai da ta fasa masa. Amma ita ranar da ta kawo shi ta fasa, da hannunta. Shi kuwa mai girma Minista, yau yana Mumbai, gobe masu duban taurari sun ce ranar ba ta da kyau, jibi bikin 'yar ƙanensa. Takaici ya ishe ta, ta rasa wanda za ta shaƙe.

* * *

Ranar da numfashin ya tsaya, ba wanda ya tuna da na'ura. A guje likitoci suka huda wuyan Mukta, suka zura bututu. Ta rayu. Sai dai yarinyar da surutunta ke hana maƙwabta barcin rana, yanzu in ta buɗe baki iska ce kawai ke fita.

"Da bututun nan hoto ba zai yi kyau ba," in ji Gaikwad. "Mun samo wata yarinyar da na'urar za ta fara da ita."

* * *

Minista ya zo ranar Laraba. Aka rataya wa na'ura furanni, ya ɗaga kwakwa ya rotsa, aka yi tafi.

Wata nas ta bi gadaje da faranti tana raba kwakwar da aka fasa, don tabarraki. Ta danƙa wa Mukta yanki guda.

"Ce na gode mana, 'yan mata."

Mukta ta buɗe baki. Sulbha ta karɓe kwakwar, ta matse ta a tafin hannu har ruwan ya zubo.