Mabuɗin Rumfar Goro

Shekarar da Maigida Umoru ya ƙudura tafiya Makka ta ƙasa, kowa a unguwar Alabar ya san mabuɗin rumfar goronsa hannun Mutaru zai faɗa. Ɗan ƙanwarsa ne, shi ke ɗaure huhu, kuma ba a riga shi sahun gaba a masallaci. Sai ga magana ta fito cewa Boakye za a ba.

Boakye Ba'asante ne, tsohon soja. Tun da ya dawo daga yaƙin Bama ya bar coci, bai koma wurin bokayen garinsu ba, masallaci kuwa sai dai ya wuce ta ƙofarsa. Aikinsa a rumfa tsince goro da yayyafa masa ruwa.

Mutaru ya sami kawunsa yana jan carbi.

"Kawu, mutumin da bai san alƙibla ba za ka bar wa amana? Me zai hana shi ci?"

"Ka taɓa ganin ya ci?"

"Wanda ba ya tsoron wuta ai ido kawai yake tsoro. A ɗauke ido a gani."

"To, ɗauke," in ji Maigida.

Ranar Juma'a ce kaɗai rumfa ke zama ba kowa sai Boakye. Da aka yi kiran salla, Mutaru ya fita tare da jama'a, sannan ya zagaya ta baya ya lafe tsakanin huhuna. Ya ga Boakye ya ci dafaffiyar ayabarsa, ya wanke hannu, ya jawo wani huhu da aka riga aka ɗaure wa fataken Arewa. Zuciyar Mutaru ta yi fari, ya ce yau dubu ta cika.

Boakye ya kwance igiya, ya ɗaga ganye, ya zura hannu can tsakiya. Ba manyan ya ɗiba ba. Masu sankara ya riƙa zaƙulowa, waɗanda Mutaru da kansa ya cusa a ciki jiya don huhu ya cika, ya rufe su da kyawawa. Boakye ya watsar da su a kwando, ya cike gurbin da lafiyayyu.

Mutaru bai san sanda ya miƙe ba.

"Wa ya sa ka?"

"A'a, Malam, yau ba ka je wurin Allahnka ba?" Boakye bai ma daina aiki ba. "Goro ɗaya in ya lalace, kafin a kai garin Salga duka ya tafi. Mutumin zai buɗe a garinsu ya yi kuka."

"Ka san shi ne?"

"Ban san shi ba."

"To wa zai ba ka lada?"

Boakye ya ɗaga kafaɗa, ya ja igiya da haƙori.

Da aka sauko, Maigida ya shigo yana kaɗa babbar riga. Ya dubi kwandon, ya dubi huhun, ya gane aikin ɗan ƙanwarsa.

"Ban gan ka a sahu ba, Mutaru."

Mutaru ya sunkuyar da kai. Boakye ya ci gaba da aikinsa, kuma wannan ya fi komai ƙona wa Mutaru rai, don ko tonon asirin da zai riƙe shi da shi mutumin bai yi ba.

Maigida ya ciro mabuɗin daga aljihu ya miƙa wa Boakye.

Da yamma an ji Mutaru a bakin masallaci yana gaya wa ladan cewa duk aikin banza ne, tunda ba niyya ba lada. Ladan ya ce Allah ne masani, ya tambaye shi ko ya rama azahar.