Katunan Kauthar

Duk faɗin Karu babu wanda ya fahimci lalurar galahanga kamar Dakta Muhyiddeen, mai makarantar bayan tasha. Shi da kansa ya tabbatar da haka. Ya yi bitar kwana biyu a wani otal a Wuse, an ba shi jaka da satifiket, kuma ya taɓa koyar da yaro ɗaya mai lalurar, Amir, wanda ya haddace lambar motar kowane uba.

Mashkura ba ta da bakin musu. Makarantu uku sun dawo mata da 'yarta Kauthar, nan kaɗai aka karɓe ta. Yarinyar shekararta takwas, ba ta magana. Katuna take ɗagawa, waɗanda uwar ta yanka daga kwalin sabulu ta yi musu zane: ruwa, abinci, bayi, a ƙyale ni.

A mako na biyu Dakta ya kira Mashkura ofis. Katunan na kan teburinsa, ɗaure da roba.

"Maman Kauthar, waɗannan ne ke sa ta ƙiwuya. Amir bai taɓa riƙe kwali ba."

"Ai Amir yana magana, Dakta."

"To kin gani! Su yaran nan kowa da baiwarsa. Ita mece ce tata? Lissafi?"

"Tana dai son kallon fanka."

Ya ɗauki biro ya rubuta: injiniya. Sannan ya jefa katunan a durowa ya murza mukulli. Mashkura ta buɗe baki, ta tuna babu makaranta ta biyar, ta ce, "Yadda ka gani, Dakta."

Washegari da aka tashi daga makaranta, Mashkura ta iske Kauthar tsaye jikin katanga, hannunta a sama, yatsu biyu a haɗe kamar mai ɗaga kati, amma ba su riƙe komai ba. Siket ɗinta ya jiƙe har safa. Yara biyu na nuna ta suna toshe hanci.

Dakta ya fito yana gyara hula, fuskarsa fal murna.

"Me na gaya miki? Sau shida ta ɗaga hannu a aji yau! Sau shida! Zan sa a mujallar makaranta."

"Allah ya ƙara basira, Dakta."

Ta jira ya juya wajen wani uba mai jif. Ta cire mayafinta ta ɗaura wa Kauthar a ƙugu, ta sauke mata hannun a hankali. Suka bi gefen titi a ƙafa, don kada su jiƙa wa mai keke napep kujera.