Sabbar ɗin da Labaran Ya Dasa

Wallahi ban so ta da maganar nan ba, amma ta ƙi barina in huta.

Marigayi mijina Labaran ne ya dasa sabbar ɗin, tsiron nan mai kaurin ganye, a rabin ganga, a saman benenmu na unguwar Zahir, shekara goma sha tara ke nan. Ba ƙaramin nan na magani ba, babban, mai dogayen ganye da ƙaya a baki. Yakan yanki ganyen ya daddaka, ya tsefe zaren, ya tuƙa igiya. Igiyar shanyarmu ma aikinsa ce. Ruwa kuwa sau ɗaya a sati biyu, ya ce in an cika masa ruɓewa yake.

Bara sai ga wani dogon kara ya fito daga tsakiyarsa, ya wuce tankin ruwa, ya yi fure ruwan ɗorawa. Har kuka na yi don murna. Bayan wata biyu ganyen ya fara yamutsewa.

Nan take zuciyata ta tafi kan Maryama, maƙwabciyata da muke shanya tare. Ta sha yin mita wai ƙayar na yage mata abaya. Na sa mata ido. Ran Talata da hantsi na hau a hankali, sai ga ta tsugune a gindinsa da wuƙa, ga gwangwanaye a gefe. Da ta ji motsina ta ja mayafi ta rufe su.

"Me kike yi, Maryama?"

"Ba komai, Yaya Iyatu."

Ba komai! Ai kuwa na buɗe murya. Na ce ta sassare masa jijiya, na ce baƙin ciki take da abin da mamaci ya bar mini. Matan benen kaf sun ji. Ta kwashi gwangwanayenta ta sauka. Matar da ta kwana da ni har na fita takaba, amma ko a matakala muka haɗu sai in kau da kai.

Bayan sati na kira Rabe, ɗan ƙanwata mai aikin shuka a lambunan gefen titi, don in samu shaida. Ya duba ya ce, "Inna, ba wanda ya cuce shi. Sau ɗaya yake fure a rayuwarsa, daga nan sai mutuwa. 'Ya'yan da ke gindinsa ake cirewa a dasa. Ina suke?"

Na sauka ko takalmi babu, na buga ƙofarta. 'Yarta Hadil ce ta buɗe, ta ce uwarta ta koma Jidda wurin ɗanta tun Juma'a. Ta miƙo mini faranti da gwangwani huɗu, kowanne da ɗan tsiro a ciki.

Ta kira ni Khala, wato inna, ta ce, "Mama ta ce mahaifinta shinge yake yi da shi a Sudan. Tun ranar da karan ya fito ta san zai mutu. Ta ga kina murna, ta kasa faɗa miki."

Duk huɗun sun kama. Kullum ina kiran wayarta, tana shiga, ba ta ɗauka.