Waya Mai Ƙaya a Rumfar Jibo

Yahaya ya jawo buhun wofi na uku ya lulluɓe naɗin wayar da ke cikin amalanke, ya danne gefensa da dutse. Ya ja san da ke jan amalanken ya kai shi bayan rumfar masu gishiri, inda ba kowa ke bi ba, ya ɗaure shi a inuwa. Dattijo mai shekara sittin da 'yan kai yana ɓoye kayan da aka saya da halak kamar na sata, shi kansa ya ji kunyar abin.

Waya ce mai ƙaya, naɗi shida, ɗansa Ridwanu ya turo shi ya ɗauko a kasuwar Gidan Rumji. Ridwanu ya haƙa rijiya a gonar gado, zai dasa mangwaro da zogale ya yi lambu, lambu kuwa ba ya zama da shanu. Yahaya bai ga laifin yaron ba, don geron gonar ya daɗe da daina kai su damina. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne Hamma Tala.

Tun da kakan Yahaya ya baro Tibiri ya sari wannan daji, duk kaka idan aka saki gonaki garken gidan su Hamma a nan yake sauka. Shanu su ci kara su bar taki, a ba Fulani damin gero, su kawo nono da man shanu. Ba takarda, ba shaida, haka iyaye suka bar wa 'ya'ya. Bana saura kwana tara a saki gonaki, an riga an haƙa ramukan da za a kafa ƙarafan shinge, kuma Yahaya ya ce shi zai faɗa wa Hamma da bakinsa. Kasuwa uku ke nan yana zuwa da maganar yana komawa da ita gida.

Bayan azahar ya nufi rumfar Jibo mai gyaran rediyo. Jibo yana da talabijin da fano ɗaya mai ɗaukar wutar rana a kan rufi, kuma duk ranar kasuwa yana saka wani tsohon fim na Amurka, kashi ɗaya a mako. Labarin mutanen da suka ɗaura kayansu a kekunan shanu ne suka nufi yamma neman ƙasa. Jibo ya fara ganinsa a Maradi yana saurayi, bana ya same shi a kile, 'yar na'urar nan ta ajiye fina-finai. Da Faransanci 'yan fim ke magana, Jibo kuma ya yi lakol, makarantar boko, shekara shida, saboda haka shi ke fassara. Inda Faransancin ya fi ƙarfinsa sai ya cike da nasa, ba wanda ya taɓa kai ƙara.

Hamma yana kan bencin gaba, sandarsa a tsakanin gwiwoyi, ya tsare wa Yahaya wuri da malfarsa.

"Maigida, ka yi latti," in ji shi. "Ko Kaɗo ya tsaya ƙirgan geron da ba shi da shi?"

"Arɗo maras jama'a, matsa in zamna. Ina shanu?"

"Jam. Suna gaishe ka."

Mako biyar suna kallon fim ɗin tare, kuma har yau gefe ɗaya suke. Hamma yana son mutanen keken don tafe suke da dabbobinsu, inda dare ya yi nan ne gida. Yahaya yana son su don duk inda suka sauka sai sun kafa garma. Ranar da suka haye wani babban kogi wata saniya ta tafi da ruwa, Hamma ya yi salati da ƙarfi har Jibo ya tsayar da fim ɗin ya ba shi baki.

Yau kuwa da aka fara, sai ga wani manomi ja mai gemu yana sauke naɗin waya daga keke. Yahaya ya ji kamar an kira sunansa a kotu.

"Wanga shi ne Mai Garma," in ji Jibo, yana nuni da sukudireba. "Ya ce ƙasag ga tashi ce, gwamnati ta ba shi takarda. Shi kau Dogo mai doki ya ce tun kahin a haihi takarda shanunai ke shan ruwa a rahin nan."

"Ya hwaɗi gaskiya!" in ji wani makiyayi daga baya.

"Gaskiyar mi? Shi ya shuka masarar da sunka cinye?" wani ya amsa masa.

Kafin a kai rabi rumfar ta rabu biyu, ko da yake ba wanda ya tashi daga inda yake. Aka ja waya a fim, aka zo aka datse ta, aka sake ja. Sai sanyi ya sauko da farar ƙanƙara, shanu suka taho suna gudun iska, suka tarar da waya a gabansu, suka taru a jikinta har suka mutu a tsaye. A nan Jibo bai fassara komai ba, don ba wanda ya yi magana a fim ɗin. Yahaya ya saci kallon abokinsa. Hamma bai motsa ba, leɓunansa kawai ke aiki, ƙirga gawarwakin yake.

Da aka ƙare, masu gardama suka ci gaba da abinsu. Hamma ya ɗaga sanda kaɗan.

"Malam Jibo, in tambaye ka. Mutanen nan na hwarko, masu gashin tsuntsu a ka, waɗanda anka tarar a wurin. Sati ukku ban gan su ba. Ina sunka tahi?"

Jibo ya sosa ƙeya. "Ai an gama da su tun kashi na biyu. An kai su wani wuri can."

"Da dawakinsu?"

"Fim bai hwaɗi ba, Hamma."

"To," in ji Hamma, ya sa malfarsa.

Suka fito tare. Yahaya ya so ya yi sallama a bakin rumfa, amma Hamma ya ce zai raka shi wurin amalanke ya duba ƙafar san, wai ya ga yana ɗingishi da safe. Ashe ya ga shigowarsa. Suka ratsa layin masu barkono da na masu igiya, Yahaya yana jera magana a ransa tana rushewa. A bayan rumfar gishiri Hamma ya durƙusa ya ɗaga kofaton, ya zare wata 'yar tsakuwa da tsinke, bai ko kalli kayan da ke cikin amalanken ba.

"Hamma," in ji Yahaya, "akwai maganar da ni ka son yi maka tun sati ukku. Wallahi nauyinta ni ka ji."

"Ta ramukka?"

Yahaya ya gyaɗa kai.

"Shekaranjiya na biyo ta gonar, in ga ko karan bana ya yi kauri. Na gani. Ridwanu ya iya aiki, layi ya miƙe sarai." Ya miƙe yana kakkaɓe hannu. "Ba komi, maigida. Gonarka ce. Na yi magana da wani a gabas da Agiye, ya ce in kawo su in ruwa bai ƙahe ba. Kai ma ba don ƙiyayya ka yi ba, na sani."

Da Hamma ya zage shi, da ya fi masa sauƙi. Yahaya ya fara rantsuwa, yana cewa zai tara kara ya aika masa har inda yake, damin gero kuma ba zai yanke ba muddin yana da rai. Hamma ya bar shi ya gama.

"Abu guda ni ka roƙo," in ji shi. "Daga gawo in ka yi gabas, rami na goma sha ɗaya. A matso da shi ciki, taki ukku ya isa."

"Don mi?"

Hamma ya dube shi, ba da fushi ba. "Saliha tana nan. Ɗiyata, ta shekarar ƙyanda. Kai ka haƙa da hannunka, Habiba taka ta yi mata wanka."

Yahaya ya dafa amalanke. Shekara ashirin da shida ke nan. Ya tuna 'yar yarinya mai kitso biyu da ke kawo musu nono a ƙwarya, ya tuna ƙayar aduwar da suka ɗora a kan kabarin. Shekaru yana kewaye wurin da garma. Daga baya ƙayar ta ruɓe, ƙasa ta baje, gero ya matso kaɗan-kaɗan, shi kuma ya manta. Ranar da ake haƙa ramukan yana tsaye a wurin, shi ne ma ya riƙe igiyar awo.

"Innalillahi," ya ce. "Hamma, ka yahe mani. Yau ɗin nan za a cike ramin. Kuma a daidai nan zan sa a yi ƙohwa, duk sa'adda ka zo ka buɗe ka shiga, ba sai ka tambayi kowa ba."

Hamma ya girgiza kai. "A'a, kak ka yi ƙohwa. Wata rana a manta ta buɗe, saniya ta shiga ta ci zogalen yaro, a kai mu gaban jandarma da tsuhwanmu." Ya saɓa sandarsa a kafaɗa. "Ka dai ja wayarka ta wancan gehe. Ka bar Saliha waje, tare da mu."

Yahaya ya ce to. Ya tsaya riƙe da igiyar san yana kallon Hamma har ya shige cikin masu awaki.