Layar da Na Ba Arkadi

Taliya muke ci a shagon wani Musulmin Sin bayan kasuwar Liwan, can ƙasar Sin, ni da Alhaji Shitu, abokin fataucina daga kasuwar Kwari ta Kano, sai na ga Arkadi a talabijin. Shekarar 1998 ce, bayan azahar, an kamo tashar Hongkong mai labarai da Turanci.

Da farko ban gane shi ba. Arkadin da na sani ƙato ne mai dariya kamar zai tsaga ɗaki. Shekara huɗu muka yi a aji ɗaya lokacin da gwamnati ta tura ni karatun injiniya Tarayyar Sobiyet. Wannan kuwa ƙashi da rai ne a cikin kejin kotu, kai a aske, kumatu sun faɗa. Sai da aka ambaci sunansa na gane shi.

Mai labarai ta ce ya rubuta a jarida cewa wata masana'anta tana zuba guba a kogin garinsu, aka kama shi wata takwas da suka wuce, wai ɗan leƙen asiri ne. Ƙasashen Turai da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suna ta kira a bar likita ya duba shi, an yi kunnen uwar shegu da su. Daga nan aka nuna mai gabatar da ƙara ya ɗaga wata 'yar takarda mai gida-gida, cike da haruffan Larabci da lambobi. Wai saƙon sirri ne daga ƙasar waje.

Alhaji Shitu ya tuntsire da dariya. "Kai Munkaila, wannan ai hatimi ne! Wane shege ya kai wa Rashawa laya?"

Na ce, "Ni ne."

Dariyar ta tsaya masa.

'Yar Arkadi, Nina, tana fama da farfaɗiya tun tana shekara uku. Da na je hutu Kano, kawuna Malam Kallamu ya rubuta mata laya, baduku ya ɗinke, na kai masa. Arkadi bai yarda da Allah ba, balle malamin Fagge. Ya yi mini tsiya son ransa, amma ya karɓa.

Ban ƙarasa taliyar ba. Na ruga shagon buga waya, ina lalubar lambar gidansa a tsohon littafina. Matarsa Zoya ce ta ɗauka. Rashancina ya yi tsatsa, amma ta gane muryata.

Ta ce, "A cikin matashin kan Nina suka same ta ranar da suka binciki gidan. Tambaya ɗaya suke masa kullum: wa ya ba ka? Lauya ya ce in ya faɗi sunan mutumin, mutumin kuma ya ba da shaida, zargin leƙen asirin ya rushe."

"To me ya hana shi faɗa? Ni ba a ƙasarku nake ba, me za su yi mini?"

Ta ce, "Kai ka gaya masa duk ranar da aka faɗi wanda ya kawo ta, ciwon yarinyar zai dawo. Shekara goma sha ɗaya ke nan Nina ba ta faɗi ba."

Wallahi Malam Kallamu bai taɓa faɗin haka ba. Ni na shara ƙaryata, don tsoron kada hukumar jami'a ta ji ina raba kayan addini ta koro ni gida. Na faɗe ta a bakin ƙofarsa ina ɗaura igiyar takalmi, kafin in kai tashar bas ma na manta. Shi kuwa wata takwas yana riƙe da ita a kurkuku.

Na ce, "Zoya, ƙarya na yi! Babu wannan sharaɗin. Ki ba lauya sunana yau, zan rubuto shaida, in ana so in zo zan zo. Ki gaya wa Arkadi ya buɗe baki."

Na ji muryar budurwa a bayanta tana tambayar wa ke magana. Zoya ta rage murya.

"Munkaila, ni ma ai na san sunanka. Kullum lauya sai ya tambaye ni, ni ma ban faɗa ba."